Yadda Ake Kula da Ƙunar Hannu Wajen Girki, Daga Ruwan Farko Har Fata Ta Haɗe

Hannu ne ke kusa da wuta a duk lokacin girki, saboda haka shi ke fara shan ta. Man ƙosai ya fantsamo, talge ya yi tsalle ya sauka a bayan hannu, tururi ya bugi yatsu wajen buɗe tukunya, ko yaro mai rarrafe ya dafa kurfoti da tafinsa. A nan Sakkwato an fi ganin irin wannan da hunturu, lokacin da ake ɗora ruwan wanka ana kuma jin ɗumi, sai kuma da azumi, lokacin da ake suya cikin gaggawa dab da shan ruwa.

Fata tana riƙe zafi kamar yadda tukunyar ƙasa ke ci gaba da tafasa bayan an sauke ta daga murhu. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, man suya kuwa yana kai digiri 170 zuwa 190, ga shi yana manne wa fata. Haka tuwo, kunu da narkakken sukari: suna zama a inda suka sauka suna ta dafa naman. A tsakiyar ƙunar akwai wurin da ya riga ya mutu, amma kewaye da shi akwai fatar da ta jigata ba ta mutu ba. Wannan ake ƙoƙarin ceta, kuma abin da ke ceton ta shi ne ruwa.

Kafin ruwa, a raba mutum da wutar

A kashe gas ko risho. In mai ne ya kama wuta a kasko, a rufe shi da murfin ƙarfe ko faranti, kada a kuskura a watsa masa ruwa, domin man zai yi bindiga ya watsu har fuska. In hannun riga ko gefen mayafi ya kama, kada mai shi ta ruga. Gudu hura wuta yake yi. Ta kwanta ta yi birgima, ko a lulluɓe wurin da bargo mai kauri, sannan a zuba ruwa. In hitar dafa ruwa ce ta ja mutum, a kashe wutar lantarkin daga soket tukuna kafin a taɓa shi.

Minti 20 a cikin ruwa

A sa hannun ƙarƙashin ruwa mai sanyi-sanyi yana zuba a hankali, har minti 20 cur. A duba agogo. Yawancin mutane minti biyu suke yi su ga kamar sun daɗe, su cire hannu su shiga neman abin shafawa, alhali a lokacin zafin bai gama fita daga cikin naman ba. Alamar ita ce da an cire hannun raɗaɗin ke dawowa.

Wane ruwa? Na randa ko na tulu ya fi dacewa da mu. Ruwan tankin da ke saman rufi, a watannin Maris zuwa Mayu da zafin garin nan ke wuce digiri 40, da tsakar rana kusan ruwan wanka ne, don haka a taɓa shi da ɗaya hannun kafin a yi amfani da shi. In babu famfo, a riƙa zubawa da buta ko moɗa a hankali, a ajiye roba a ƙasa tana tarewa. Jarka ɗaya mai lita 25 ta isa minti 20 in ana zuba kimanin lita ɗaya kowane minti. In ruwan bai kai haka ba, a tsoma hannun cikin roba mai tsabta, a riƙa sauya ruwan da zarar ya yi ɗumi. Fiya wata ma ya yi, matuƙar bai daskare ba.

Ban da ƙanƙara. Tana kashe raɗaɗi nan take, shi ya sa ake son ta, amma tana matse ƙananan jijiyoyin jini, sai fatar da ta jigata ta rasa jinin da za ta farfaɗo da shi. Ƙunar da ya kamata ta tsaya a sama sai ta yi zurfi.

In an makara ba a sa ruwa nan take ba, har yanzu yana da amfani cikin awa 3 na farko. In yaro ne, hannun kawai za a jiƙa, a lulluɓe sauran jikinsa da zane busasshe, musamman da hunturu, domin jikin ƙaramin yaro yana saurin yin sanyi fiye da kima.

Ana cikin zuba ruwan ne ake cire zobe, awarwaro, agogo da duk abin da ya zagaye yatsa ko wuyan hannu. Kada a jira a gama. Hannu yana fara kumbura cikin mintuna, kuma zoben da ya maƙale a kumburarren yatsa yana iya tsayar da jini har a rasa yatsan. In ya ƙi fita, a shafa ruwan sabulu a murza a hankali. In ya ƙi, a tafi asibiti a yanke zoben. Hannun rigar da ya jiƙe da ruwan zafi ko mai a yanke shi da almakashi a cire. Wanda ya narke ya manne da fata kuwa, kamar yadda yadin roba ke yi, a yanke kewayensa a bar shi a wurin, kada a fizge. Tuwo ko kunun da ya manne ruwan da ke zuba zai wanke shi, ba sai an kankare ba.

Abubuwan da ba a shafawa

Da an ji ihu maƙwabta za su taru, kowa da nasa magani: makilin, ɗanyen ƙwai, gishiri, manja, man shanu, kamu, toka, gashin zomo, baƙin mai, har da kananzir. Niyyarsu mai kyau ce, amma babu ko ɗaya daga ciki da ya kamata ya taɓa sabuwar ƙuna. Mai da maiƙo suna rufe zafin a ciki. Makilin sanyinsa na yaudara ne, yana bushewa ya manne, kuma sai an kankare shi a asibiti kafin a ga ciwon, wanda azabarsa ta fi ta ƙunar. Ƙwai, toka da gashin dabba suna kai ƙwayoyin cuta cikin buɗaɗɗen nama, har da masu kawo tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki. Gishiri ƙarin raɗaɗi ne kawai. Maganin nan mai launin shuni da ake kira G.V. yana rine wurin, ma'aikacin lafiya ya kasa gane zurfin ƙunar. Haka kuma kada a buɗe kafso a barbaɗa garinsa a kai.

Rufewa kafin a tafi asibiti

Bayan minti 20 sun cika, a rufe wurin da abin da ba ya mannewa. Siririyar ledar nan da ake rufe abinci da ita ta fi komai: a yar da zagayen farko, a yanko gunduwa-gunduwa a shimfiɗa a kai, kada a naɗe hannun da ita kamar ana ɗaure kaya, domin zai kumbura. In babu ita, a zura hannun cikin sabuwar farar leda mai tsabta, a ɗaure bakin sako-sako a sama da wuyan hannu. Rufewar kanta tana rage raɗaɗi, domin iska ce ke taɓa jijiyoyin da suka fito fili. Auduga ba ta zuwa kan ƙuna kai tsaye. Zarenta yana shiga nama.

A ɗaga hannun sama da ƙirji. A zaune a ɗora shi a kan kafaɗar ɗaya ɓangaren ko a rataye shi da ɗankwali, a kwance a sa matashi biyu a ƙarƙashinsa. Hannun da aka bari yana reto zai kumbura, kumburi kuwa shi ne mafarin sanƙarewar yatsu.

Don raɗaɗi, babba ya sha farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini. In bai isa ba ya ƙara da ibufurofen miligiram 400 bayan kowace awa 8, bayan ya ci abinci. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar wannan. Yaro da nauyinsa ake auna masa farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo. Wato yaro mai kilo 10 zai sha kimanin mililita 6 na ruwan maganin da aka rubuta wa miligiram 120 cikin mililita 5, ba fiye da sau huɗu a yini ba. Ba a ba yara asfirin.

Yadda ake gane zurfinta

Ƙunar da ta tsaya a saman fata tana zafi, wurin ya yi ja ko ya ɗan ƙara duhu, ba bororo. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai a ji wurin da ɗumi. Wannan cikin mako guda take warkewa, ba tabo.

Ta biyu ita ce mai bororo. In bororon ya fashe za a ga nama jajir, a jiƙe, yana tsananin zafi. In aka danna da tsabtataccen yatsa sai ya yi fari, a saki ya koma ja nan da nan. Wannan alama ce mai kyau, jini yana gudana. Tana haɗewa cikin mako biyu, in ta daɗe uku. In kuwa naman ya yi dabbare-dabbare, wani wuri ja wani wuri fari, ba ya jiƙe sosai, kuma jan ba ya saurin dawowa bayan an danna, ta yi zurfi.

Ta ƙarshe ita ce mai ruɗin mutane. Wurin fari ne fat kamar kakin zuma, ko ruwan ƙasa, ko baƙi, a bushe, da tauri kamar jemammiyar fata, kuma ba ya zafi. Sai a ce ai da sauƙi tunda ba ta jin ciwo. Jijiyoyin jin zafin ne suka ƙone. Irin wannan ba ta haɗewa da kanta yadda ya kamata, yawanci sai an yi dashen fata.

Zurfin ƙuna ba ya gama bayyana ranar farko. Wadda aka ga kamar ƙarama ce tana iya sauya kama cikin kwana biyu, musamman ta mai, saboda haka dole a sake dubawa. Faɗinta kuwa da tafin mai ciwon ake aunawa: tafinsa haɗe da yatsu kimanin kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa.

Wadda ba a ajiyewa a gida

Hannu ba kamar cinya ko baya ba ne. Fatar bayansa siririya ce, jijiyoyin da ke motsa yatsu suna kwance dab da ita, kuma ɗan ƙaramin tabo a kan gaɓa ya isa ya hana yatsa miƙewa. Abin da za a iya kula da shi a gida shi ne ƙunar da ba ta yi bororo ba, ko ɗan bororon da bai wuce girman farce ba kuma ba a kan gaɓa yake ba. Sauran a kai asibiti a ranar: duk wadda ta yi fari ko baƙi ko ba ta zafi, wadda ta hau gaɓoɓin yatsu ko tsakaninsu, wadda ta cika tafi, wadda ta zagaye yatsa ko wuyan hannu kamar munduwa, da wadda lantarki ko sodar haɗa sabulu ta jawo. Ita soda a kakkaɓe garinta tukuna, sannan a wanke da ruwa mai yawa fiye da minti 20. Haka in mai ƙunar ƙaramin yaro ne, tsoho, mai ciwon sukari, ko mai farfaɗiya da ya faɗa wuta, domin ƙunar mai farfaɗiya sau da yawa tana da zurfi.

Ƙunar da ta zagaye hannu tana buƙatar gaggawa ta musamman. Ƙonanniyar fata ba ta buɗewa, naman ciki kuwa yana kumbura, sai ta zama kamar an ɗaure hannun da igiya. In kan yatsu ya yi sanyi, ya yi fari ko ya dushe, ko ya mutu ba a jin taɓawa, ko da tsakar dare ne a tafi.

A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda likitocin tiyatar gyaran fata suke, akwai kuma Asibitin Ƙwararru. Wanda ke Tambuwal, Gwadabawa, Wurno ko Illela ya fara da babban asibitin da ke kusa, a wanke a ɗaure, in ta fi ƙarfinsu su tura shi. A tambayi allurar tetanus, musamman in an wuce shekara 5 ba a yi ba ko ba a tuna ranar da aka yi ba.

Wanki da ɗauri

Minti 30 kafin a taɓa ciwon a sha farasitamol. Mai wankin ya wanke hannunsa da sabulu. A wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti, ko a tafasa ruwa lita ɗaya a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi a shafe, a bar shi ya huce. Wannan daban yake da barbaɗa gishiri a kan ciwo. Ɗanɗanonsa bai fi na hawaye ba. Ban da sifirit da aidin mai ƙarfi, suna kashe sabuwar fatar da ke tsirowa.

Ƙaramin bororo a bar shi, shi ne bandejin da jiki ya yi wa kansa. Kada a huda shi da allura, ƙaya ko reza. Babba, ko wanda ke hana gaɓa lanƙwasawa, ma'aikacin lafiya ne zai buɗe shi da kayan da aka dafa. Wanda ya fashe da kansa a wanke, a yanke matacciyar fatar da ke reto.

Ɗaurin hawa uku ne. Na farko ƙyalle mai raga-raga da aka jiƙa da basilin, irin su Jelonet ko Sofra-Tulle, wanda ba ya mannewa. Na biyu busasshen goz mai tsotse ruwan ciwo. Na uku bandeji, ana fara naɗawa daga yatsu zuwa wuyan hannu, ba a matse ba, a bar kan yatsu a waje don a riƙa ganin launinsu. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a haɗa yatsu a ɗaure su dunƙule guda. Ɗanyen nama biyu in suka kwana a manne haɗewa suke yi. Kowane yatsa a naɗe shi shi kaɗai, a sa goz a tsakani, babban yatsa kuma a ware shi daga tafi.

A buɗe bayan kwana biyu a duba, daga nan a riƙa sauyawa bayan kwana biyu ko uku, ko da zarar ya jiƙe ko ya yi datti. In ya manne a jiƙa shi da ruwan gishirin har ya saki da kansa. Fizgewa tana ɗaye fatar kwana uku cikin daƙiƙa ɗaya. Farin man ƙuna irin su Dermazin, da kowane kemis ke miƙowa, yana da amfaninsa wajen hana ruɓewa, amma shi kullum ake wanke shi a sake, kuma a ƙunar da ba ta da zurfi yana iya jinkirta haɗewa. Ba a sa wa jariri ɗan ƙasa da wata biyu, mai ciki da ta kusa haihuwa, ko wanda maganin salfa, irin su Septrin, ke yi wa illa. Zuma tsantsa tana taimaka wa ƙuna marar zurfi, amma ta kasuwa da yawa an gauraya ta da sukari, gara a bar wa ma'aikacin lafiya ya yanke hukunci. Mai alwala ya shafa a kan bandejin, kada ya kwance shi ko ya jiƙa shi.

Ba kowace ƙuna ce ke buƙatar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, kuma shan sa tun ranar farko ba ya hana ruɓewa. Abin da ake sa wa ido shi ne ciwon da ya fara sauƙi sannan ya dawo da zogi, kumburi da ɗumi da ke hawa zuwa damtse, mugunya, wari, bandeji ya yi kore, kaluluwa a hammata, ko zazzaɓi. Yaron da ya ƙone, ko da ƙunar kaɗan ce, in ya soma zazzaɓi da amai ko gudawa, ya yi laushi ya ƙi cin abinci a kwanakin farko, kada a tsaya ana cewa zazzaɓin sauro ne, a kai shi asibiti nan take.

Motsa yatsu

A nan ne hannaye da yawa ke lalacewa bayan ciwon ya warke. Mai ƙuna yakan dunƙule hannu don a haka ya fi jin daɗi, tabo kuwa tsukewa yake yi, sai ya daskare a yadda aka bar shi. Tun kwanakin farko, in likita bai hana ba, a riƙa dunƙule hannu ana buɗewa, a ware yatsu a haɗe, a taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, a lanƙwasa wuyan hannu gaba da baya. Kowanne sau 10, aƙalla sau biyar a yini. Mai sauƙin tunawa shi ne bayan kowace salla. Zai yi zafi, shi ya sa ake shan magani kafin a fara. A ci gaba da ƙananan ayyuka da hannun, kamar riƙe cokali ko jan carbi.

In ƙunar ta yi zurfi, masu gashin ƙashi na asibiti suna yi wa hannun madogari da ake kwana da shi: wuyan hannu a ɗan ɗage, tushen yatsu a lanƙwashe, sauran gaɓoɓin a miƙe, babban yatsa a ware. Yaron da ya dafa kurfoti shi kuma tafinsa ake ɗaurewa a buɗe, domin in aka bar shi yatsun za su naɗe cikin tafin, gyaransu sai tiyata.

Jiki da abinci yake gina sabuwar fata. Ƙwan da aka so a fasa a kan ciwon a dafa shi a ba mai ciwon ya ci, tare da wake, awara, kifi, nama da nono, ya kuma sha ruwa sosai.

Ciwon da ya kai mako biyu bai kusa haɗewa ba, a kai wa likitan tiyatar fata ya gani. Wanda ya wuce mako uku a buɗe yakan bar tabo mai tudu da tauri, kuma baƙar fata ta fi saurin yin irinsa.

Bayan fata ta haɗe

Sabuwar fata takan fito ja-ja ko fari-fari, launinta na asali yana dawowa a hankali cikin watanni. Ba man bilicin ko man haɗi za a sa mata ba. Yanzu ne man kaɗanya da basilin ke da amfani: a shafa sau biyu ko uku a yini, a murza tabon da ɗan ƙarfi na minti 5, yana rage ƙaiƙayi yana kuma tausasa shi. A kare wurin daga rana da safar hannu ta auduga ko gefen mayafi, domin ranar Sakkwato tana ƙona sabuwar fata ta bar ta da duhu. Tabo yana ɗaukar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya kwanta. In ya soma tudu ko yana jan yatsa, akwai matsattsiyar safar hannu da asibiti ke aunawa don danne shi.

Uwargida za ta iya komawa gaban murhu in babu sauran buɗaɗɗen wuri, amma ta fara da girkin da ba suya. Fatar siririya ce, ɗumin da a da ba ta ji yanzu yana iya tayar mata da bororo, wankin kaya da sabulun gari kuma yana tsattsage ta. Ta sa safar hannu wajen wanke-wanke, ta riƙa sauke tukunya da busasshen tsumma mai kauri, domin jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan take.